Yadda Ake Tsara Alamar Da Mutanen Wannan Zamani Za Su Gane

Kafin ka ɗauki fensir ko ka kunna kwamfuta, ka fara tantance waɗanda za su kalli alamar, domin ma'anar launi tana sauyawa daga wuri zuwa wuri: ja na nufin murna a ƙasar Sin, amma a kan titi gargaɗi ne. Daga nan sai ka cire duk abin da ba dole ba. A gasar Olimfik ta Tokyo a 1964, an wakilci wasanni da ƙananan hotuna masu sauƙi saboda yawancin baƙi ba sa karanta Japananci, kuma irin wannan salo ne muke gani yau a filayen jiragen sama.

Abin da ya fi wuya, a ganina, shi ne gano wanda zanenka ya manta da shi. Misali, sai a 2015 hukumar Unicode, mai daidaita haruffa da alamomin kwamfuta da waya, ta ƙara launukan fata guda biyar a kan emoji, bayan jama'a sun daɗe suna ƙorafi. Saboda haka, ka nuna aikinka ga mutanen da ba ka saba da su ba, ka bar su su faɗi abin da suka fahimta ba tare da ka yi musu bayani ba, sannan ka gwada shi a ƙaramin allon waya, inda mafi yawa za su fara ganinsa.