Yadda Ake Gano Lambar Sirrin Rediyon Mota Idan Ya Kulle Kansa

Yawancin masu mota ba su san rediyonsu yana da lambar sirri ba sai ranar da batir ya mutu, ko makanike ya cire kan batir don wani gyara, aka mayar, aka kunna mota, sai allon rediyo ya nuna CODE ya yi shiru. Rediyon bai lalace ba. An ƙera shi ne yadda da zarar wuta ta yanke masa gaba ɗaya zai ɗauka an ciro shi daga mota, ya ƙi aiki har sai an ba shi lambar da kamfani ya sa masa, domin wanda ya sace shi ya tashi a tutar babu. Sai dai rediyo ba ya bambance ɓarawo da mai mota, saboda haka canjin batir ko ƙonewar fiyus ma kan jawo wannan kullewa.

Abu na farko shi ne ka janye hannunka daga madannai. Kada ka gwada 1234 ko 0000 ko shekarar da aka ƙera motar, domin rediyo yana ƙirga duk kuskuren da aka yi. Na Volkswagen kan kulle ya nuna SAFE a allo bayan kuskure biyu, kuma ba zai sake saurarenka ba sai an bar shi a kunne awa guda. Yawancin na Honda suna ba da dama goma kafin su sa mutum jiran awa guda. Wasu na Ford kuwa, idan aka ci gaba da cinke har suka nuna LOCKED 13, magana ta wuce gida, sai an kai wa dila ko ƙwararre. Haka kuma, a wasu rediyoyin cire batir a mayar ba ya goge wannan ƙirge, kuma shawarar da ake yayatawa ta a sa rediyo cikin firiza ba ta da tushe, domin lambar tana cikin ƙwaƙwalwar da ba ta buƙatar wuta kafin ta riƙe abin da aka rubuta mata.

Daga nan sai a bincika motar kanta, domin sau da yawa lambar tana ciki. A duba littafin mota da littafin sabis, musamman bangon farko da na ƙarshe, inda dila ko mai motar na farko kan rubuta ta da biro. Wasu kamfanoni suna ba da ɗan kati mai girman katin banki ɗauke da lambar. A buɗe akwatin ajiya da ke gaban kujerar fasinja a haska gefunansa da tocila, domin Honda da wasu kan manna ƙaramar farar takarda a wurin, sannan a duba cikin but da murfin akwatin fiyus. Idan motar ta hannu ce kuma ana iya samun wanda ya sayar da ita, a tambaye shi.

Idan ba a dace ba, sai a nemo lambobi biyu, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ta farko ita ce lambar shasi, wadda ake kira VIN, mai haruffa da alƙaluma 17, da ake gani ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, da takardun mota. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don haka duk abin da ya yi kama da su 1 ne ko 0. Ta biyu ita ce lambar siriyal ta rediyon, wato lambar shaidar da kamfani ya ba wannan rediyon shi kaɗai, kuma a ganina ita ce mafi muhimmanci, domin lambar sirrin ta rediyo ce, ba ta mota ba. Idan an taɓa canja wa motar rediyo, lambar da dila zai ciro da lambar shasi ta tsohon rediyon ce, kuma duk shigar da ita da aka yi kuskure ne da sabon zai ƙirga.

Wasu rediyoyin suna nuna siriyal ɗinsu a allo. A yawancin motocin Honda daga 2001 zuwa sama, ana kunna makulli, a kashe rediyo, a danne madanni na 1 da na 6 tare, sannan a kunna rediyon ba tare da an sake su ba. Lambar kan fito kashi biyu, sai a rubuta su a jere. Wannan dabarar ta 1 da 6 tana aiki a wasu na Ford ma, inda siriyal ke farawa da M ko V, alƙaluma shida su biyo baya. Na Volkswagen yana farawa da VWZ, na Audi da AUZ, kuma galibi sai an zaro rediyon kafin a gan shi a jikin ƙarfensa. Na Renault kuwa harafi ɗaya ne da alƙaluma uku ake buƙata daga takardar da ke manne a jikinsa.

Zaro rediyo yana son natsuwa. Wasu suna da ƙananan ramuka a fuska da ake zura siraran ƙarafa na musamman su saki maƙalai, wasu kuma sai an ɓare robar da ta kewaye su an kwance noti. A kashe mota a zare makulli tukuna, domin a wasu motocin fitilar da ke nuna halin jakar iska (wadda ke kumbura ta kare mutum lokacin haɗari) tana jikin robar nan, kuma idan aka cire wayarta makulli na kunne, fitilar gargaɗi za ta kama, ba za ta mutu ba sai an sa kwamfuta. Ba lallai ne a cire wayoyin bayan rediyon ba, ya isa a jawo shi har takardar ta bayyana a ɗauki hotonta da waya. Wanda bai saba ba ya bar wa mai gyaran wutar mota, domin maƙalan robar suna saurin karyewa.

Da lambobin biyu a hannu, hanya mafi inganci ita ce dilan kamfanin motar. Zai nemi takardun mallaka da katin shaida, kuma wannan daidai ne, tunda abin da aka yi tsarin dominsa ke nan. Wasu dilolin suna bayarwa kyauta, wasu suna karɓar kuɗi. Honda tana da shafin intanet na wannan aiki ga motocin da aka sayar a Amurka. Akwai kuma shafukan 'yan kasuwa da manhajojin waya da ke ciro lamba daga siriyal, waɗanda wasunsu na gaskiya ne, amma a yi hattara: kada a biya wanda bai nemi siriyal ba, kuma kada a sauke manhajar da ba a san asalinta ba. Idan rediyon na kasuwa ne irin su Blaupunkt ko Clarion, wanda aka sa daga baya, kamfaninsa ko wakilinsa za a tuntuɓa da rasiɗin saye.

Shigar da lambar ma ya bambanta. A yawancin na Honda alƙaluma biyar ne, ana danna madannan tashoshi kai tsaye. A yawancin tsofaffin Ford da Volkswagen da Renault alƙaluma huɗu ne, kuma ana danna madanni na 1 sau da yawa har alƙalamin farko ya fito, na 2 don na biyu, har zuwa na 4, sannan a tabbatar da madannin da littafin mota ya ambata. Idan aka shigar daidai ya ƙi, a tsaya nan, a sake duba siriyal ɗin. Idan yana nuna WAIT ko SAFE, a bar shi a kunne har lokacin ya cika, domin kashe shi kan mayar da jiran farko, kuma a kula kada batir ya sake sauka ana cikin jira.

Sababbin motoci da yawa ba sa neman lamba, rediyon da kwamfutar motar ne ke gane juna. A sababbin Honda ya isa a danne madannin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi. Irin wannan rediyon idan aka ɗauko shi daga wata mota, sai dila ya haɗa shi da sabuwar ta kwamfuta.

Bayan ya buɗe, a rubuta lambar da siriyal ɗin a waya da kuma takardar da ake ajiyewa a gida, ba a cikin mota ba. Ranar canjin batir kuma a nemi makanike ya jona ƙaramin batir ta soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona kwamfutar gwajin mota, domin ya riƙe wa rediyon wuta har a gama ɗaura sabon.