Yadda ake ɗora Linux Mint a kan kwamfutar da ba za ta ɗauki Windows 11 ba

Kwamfutata tokumbo ce, Core i5 ƙarni na huɗu, ram ɗinta giga 4, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa: da an ɗauke wuta sai ta bi wutar. Duk da haka ta yi mini shekaru tana aiki da Windows 10 ba gajiya. To, ranar 14 ga Oktoba 2025 wa'adin Windows 10 ya cika, aka daina aiko mata da gyaran tsaron da aka saba, sai dai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026. Ita kuma Windows 11 da sharuɗɗanta ta zo: sai kwamfuta na da wani ɗan makullin tsaro mai suna TPM 2.0, kuma in Intel ce, galibi sai ƙarni na takwas zuwa sama. Tawa ba ta cika ko ɗaya ba. Kuɗin sabuwa babu, wannan kuma lafiyarta ƙalau, shi ya sa na ɗora mata Linux Mint, wata manhajar kyauta da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Ga yadda ake yi, haɗe da wuraren da na yi tuntuɓe.

Fara da takarda da biro

Zauna ka rubuta duk abin da kake yi da kwamfutar a mako. In rubutu ne da shiga intanet da kallon bidiyo da karatun PDF, hanya a buɗe take: Mint na zuwa da Firefox da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel da PowerPoint. In kuwa da CorelDRAW ko Photoshop kake cin abinci, kamar masu shagon buga kati da kalanda, dakata. Ba a yi su don Linux ba. Akwai Inkscape da GIMP da ke irin aikinsu, amma sai ka sake koyon hannu, kuma kwastoma ba ya jiran mai koyo. Kai abin da ya dace da kai shi ne ka ajiye Windows da Mint a kwamfuta ɗaya, duk lokacin da ka kunna ka zaɓi wadda za ka shiga.

Bayan nan kwashe kayanka kaf zuwa wani rumbun ajiya na waje: hotuna, takardu, abin da ke kan Desktop, da kalmomin sirrin da burauza ta riƙe maka. Idan ka gama, cire rumbun ka kai shi wata kwamfutar ka buɗe fayil biyu ko uku, ka gani da idonka suna nan.

Sauke manhajar

Je shafin Linux Mint na asali ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗaya da ke ƙunshe da manhajar gaba ɗaya, wanda ya kusa giga 3. Kala uku za ka tarar: Cinnamon, MATE da Xfce. Cinnamon ce ta fi ado, ta kuma fi kama da Windows. Xfce ta fi sauƙin ɗauka ga na'ura mai rauni, ita na zaɓa. Masu Mint sun ce ram giga 2 da fili giga 20 sun isa ta tashi, amma giga 4 ne inda ake jin daɗinta. Dole dai kwamfutar ta zama mai bit 64. Jerin Mint 22, wanda ya fara fitowa a Yulin 2024, zai ci gaba da samun gyara har 2029.

Ba za a tambaye ka kobo ko lambar lasisi ba, kuma ba kayan sata ba ne irin wanda ake zuba wa mutane a kasuwa. Asalin abin tun 1991 ne, lokacin da Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya rubuta zuciyar Linux. Daga baya ya sake ta da lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karanta rubutun manhajar, ya gyara, ya raba, da sharaɗin in ya raba abin da ya gyara, shi ma ya bar shi a buɗe. A kan wannan turbar Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu a 2004, sannan Clement Lefebvre ya gina Mint a kan Ubuntu a 2006. Amfanin sanin wannan dangantaka shi ne, in ka maƙale, yawancin maganin da aka rubuta don Ubuntu yana yi wa Mint.

Ni da datar dare na sauke, network na yankewa yana dawowa. Saukewa irin wannan kan bar fayil da rauni ba ka sani ba, sai tsakiyar aiki ya tsaya cak. Don haka gwada shi. A shafin akwai doguwar lamba da ake kira SHA256. Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a inda fayil ɗin yake, ka rubuta `certutil -hashfile` sai sunan fayil ɗin, sai `SHA256`. In lambar da ta fito ta yi daidai da ta shafin, fayil ɗinka lafiya yake.

Shirya filas da Windows

Samu filas mai giga 8, ka sauke Rufus ko balenaEtcher (manhajojin zuba ISO a filas ne), ka nuna wa wanda ka sauke fayil ɗin ISO da filas ɗin, ka danna. Duk abin da ke cikin filas ɗin zai goge, kada ka ari na wani.

In za ka bar Windows a gefe, abu biyu. Shiga saitin wuta ka kashe Fast Startup, domin in yana kunne Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai ta bar rumbun a kulle. Sannan duba ko BitLocker, makullin da Windows ke kulle rumbu da shi, na aiki. In yana yi, rubuta lambar ceto mai lambobi 48 a takarda ka adana, don tana iya neman ta bayan an taɓa tsarin tashin kwamfutar.

Gwaji kafin ɗorawa

A nan nake son ka daɗe. Soka filas, ka kunna kwamfutar, ka yi ta danna maɓallin zaɓen tashi: a HP galibi F9 ne, a Dell da yawancin Lenovo F12. Zaɓi filas ɗin. Mint za ta tashi cikakkiya daga cikinsa ba tare da ta taɓa komai a rumbunka ba. Za ka ji tana ɗan nauyi, laifin filas ne, ba haka za ta kasance ba bayan an ɗora.

Akwai wani gunki a fuskar allon da ke kiran ka ka fara ɗorawa. Yi kamar ba ka gan shi ba. Kunna waƙa ko karatu ka ji ko sauti na fita, ta lasifika da ta abin kunne. Haɗa wayarles. Ƙara hasken allo ka rage. Gwada kyamara in kana taro ta intanet. Soka firinta ka buga shafi ɗaya. Rufe murfin kwamfutar ka buɗe ka ga ko za ta farka. Sannan ɗauko takardar Word mafi rikitarwa da kake da ita, mai teburi da hotuna, ka buɗe a LibreOffice ka ga yadda ta zauna. Duk abin da ya ƙi aiki, a nan ya kamata ka sani, tun Windows ɗinka na nan daram.

Ni ɗoki ya hana ni wannan gwajin. Na ga allo ya tashi da kyau, na danna ɗorawa, sai da komai ya ƙare na lura babu alamar wayarles ko ɗaya. Katin wayarles da ke cikin na'urata yana buƙatar direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa shi aiki, wanda ba ya zuwa a kunne, direban kuma sai da intanet zan sauke, intanet ɗin kuma sai da wayarles. Na yi kusan awa ina zagaye kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa. Abin da ya fitar da ni ɗan ƙarami ne: na haɗa wayata da kebul ɗin caji, na kunna USB tethering a saitin wayar, nan take kwamfutar ta samu intanet. Na buɗe Driver Manager, ya nuna direban, na danna, na sake kunnawa, shi ke nan.

Ɗorawar kanta

Kada ka fara sai kana da tabbacin wuta. In batirinka irin nawa ne, tada janareta ko ka je inda ake da sola. Yankewar wuta lokacin da ake raba rumbu na iya barin ka ba Windows ba Linux.

Tambayoyin ba su da yawa: harshe, kibod, sai akwatin ɗora kayan kunna sauti da bidiyo, wanda ya kamata ka yi wa maki. In Secure Boot, wani tsaro na tashin kwamfuta, na kunne za a ce ka ƙirƙiri kalmar sirri ta wucin gadi. Riƙe ta, domin a tashin farko wani shuɗin allo zai fito, ka zaɓi Enroll MOK ka shigar da ita. Shafin da ke buƙatar natsuwa shi ne na rabon rumbu. Zaɓin da ke ɗauke da kalmar "alongside" zai zaunar da Mint kusa da Windows, ka ja layi ka ba kowace rabonta. Wanda ya fara da "Erase disk" kuwa zai share komai, babu dawowa. Na ukun, "Something else", bar wa waɗanda suka saba. Zaɓi Legas ko Yamai a taswirar lokaci, ka saka suna da kalmar sirrin da ba za ka manta ba, don duk wani babban canji sai an tambaye ka ita. Ni minti 20 ya ɗauke ni. Idan ta ce cire filas, cire ka danna Enter.

Ranar farko

Kafin ka taɓa komai buɗe Timeshift ka sa ya ɗauki hoton tsarin kwamfutar. Mako biyu da ɗorawa na kwafo wani umarni daga intanet na manna a Terminal, tagar rubuta umarni ta Mint, ban san me yake yi ba, sai ga baƙin allo. Na tashi daga filas ɗin nan, na buɗe Timeshift, na mayar da ita yadda take a da. Amma ka sani tsarin yake adanawa, ba hotunanka da takardunka ba, waɗannan har yanzu nauyinka ne.

Sai Update Manager, mai alamar garkuwa a ƙasan allo. Sabuntawar farko kan ci data sosai, a bar ta sai dare. Manhajoji kuma daga Software Manager ake ɗauko su, an daina yawon neman fayil a shafukan da ba a san mai su ba. Nemi VLC, mai kunna bidiyo, a can, ka kuma nemi `ttf-mscorefonts-installer`, wanda zai kawo maka Times New Roman da Arial. Ɗalibin da ke rubuta furojet ya kula da wannan: in babu su, shafukan da ka tsara za su iya gocewa a kwamfutar mai bugawa. Ni dai yanzu PDF nake mayar da komai kafin in kai shago.

Abin da ya fi faranta mini rai ban ma zata ba. A saitin kibod, in ka nemi Hausa, za ka tarar da tsari na Najeriya da kuma na Gana, ga ƙ da ɗ da ɓ ba sai an ɗora wata manhaja ba. A Cinnamon akwai maɓallin da ke nuna hoton kibod ɗin. Duba shi ka ga inda kowane harafi ya koma, don wasu alamomin da ka saba sun matsa.

Saura abu ɗaya ga wanda ya ajiye biyun. Za ka shiga Windows ka ga agogo ya koma baya da awa ɗaya cif. Linux na saita agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya, Windows kuma na ɗaukar sa a matsayin lokacin gida, Najeriya da Nijar kuwa suna gaba da lokacin duniya da awa guda. Mutanen Gana ba za su ga wannan ba, tun da lokacinsu daidai yake da shi. Wani abokina da na ɗora wa biyun sai da ya makara sallar La'asar kafin ya kira ni. Buɗe Terminal a Mint ka rubuta `timedatectl set-local-rtc 1`, ka shigar da kalmar sirrinka in an nema. Zai fitar da ɗan gargaɗi, ba komai. Daga nan shiga Windows ka gyara agogon sau ɗaya, ba zai sake gocewa ba.