Darasi na 6: Tausa ga tsohon kare mai sanyin ƙashi

Duk mai kare a nan Sakkwato, na farauta ne ko na gadi ko na bin shanu, ya san in hunturu ya kankama wajen Disamba da Janairu sai kaga tsohon kare ya kasa tashi da safe, in ma ya tashi yana ɗingishi, sai rana ta ɗaga sannan jikin ya saki. Sau da yawa sanyin ƙashi ne, guringuntsin da ke cikin gaɓa ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, an fi ganinshi a ƙugu da gwiwa. Wanga ciwo baya warkewa kwata-kwata, tausa sauƙi kawai take kawowa, tana sassauta naman da ya ɗaure.

To ga yadda ake yi. Ka bari ya kwanta da kanshi bisa buhu ko tsohuwar tabarma, banda siminti mai sanyi. Jiƙa tsumma a ruwan ɗumi wanda hannunka ke iya jurewa, ka aza kan cinyar kamar minti 5. Sai ka shafa da tafin hannu daga wuya har gindin wutsiya a hankali, in kaga ya natsu ka koma cinya da kafaɗa kana murzawa da yatsu sannu sannu. Nama ake tausa, ba gaɓar kanta ba. Kuma don Allah kar ka ja ƙafar wai kai mai ɗori, wannan ɓarna ce. Minti 10 ya isa.

In yayi gurnani ko ya ɗage leɓe ko ya juyo da kai da sauri, tsaya nan, ko naka ne yana iya cizo. Wurin da ya kumbura yana zafi, ko rauni ko wani ƙullutu, kar ka taɓa, kai shi wurin likitan dabbobi, Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da asibitin dabbobi.

Wasu kuma tausayi zai sa su jefa mashi Panadol ko ibuprofen cikin tuwo. A'a! Maganin mutane na iya lalata mashi ciki da ƙoda da hanta har ya mutu. In yayi ƙiba ma a rage mashi abinci, nauyin kan gaɓoɓin yake sauka.

In ka gama ka wanke hannu da sabulu.

Aikin gida: kwana 7 kana tausar, kullum ka rubuta a littafinka ko ya tashi da sauƙi ko da ƙyar, ka zo mana da littafin aji.