Asabar da Lahadi a Cardiff: kallon zari-ruga da zaga gari

Ɗan'uwa, idan ka sauka Birtaniya cikin Satumba, kafin Fabrairu za ka tarar ba ka san ko'ina ba sai ɗakinka, aji, wurin aiki da shagon naman halal. Shawarata ka ware Asabar da Lahadi guda ka tafi Cardiff, babban birnin Wales, ranar da ake wasan zari-ruga. Ba lallai ka iya wasan ba. Mutanen za ka je gani, domin a ranar ne suke sakin jiki har baƙo ya ga halinsu.

Wales cikin Birtaniya take, don haka bizar da ke hannunka ta wadatar. Gasar zari-ruga ta Six Nations, da ake yi a Fabrairu da Maris, ta haɗa Ingila, Wales, Scotland, Ireland, Faransa da Italiya, amma mai fasfon Najeriya ko Nijar kada ya biye wa abokan aji zuwa Dublin, Paris ko Rome: kowannensu sai da wata bizar. Kuma kada ka kuskura ka ce wa ɗan Wales shi ɗan Ingila ne, balle a ranar da ƙasashen biyu ke karawa.

Daga tashar Paddington ta Landan jirgin ƙasa yana kai ka cikin kamar awa biyu. Motar National Express ta fi araha, sai dai ta fi jan lokaci. Katin rangwame na 16-25 Railcard yana zaftare kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgi, kuma cikakken ɗalibi da ya haura 25 ma yana iya mallakarsa. Masauki shi ne ke cin kuɗi, don otal-otal na tsakiyar gari suna tsawwala farashi a daren wasa. Ka duba garin Newport, minti 15 ne a jirgi daga Cardiff, ko ka tambaya a ƙungiyar ɗaliban Najeriya ko akwai mai ba ka katifa.

Filin, Principality Stadium, a ƙirjin gari yake, bakin kogin Taff, 'yar tafiyar ƙafa daga tashar Cardiff Central. An buɗe shi a 1999, yana ɗaukar mutum kusan 74,000, kuma yana da rufin da ake iya rufewa. Tikiti ka saya daga hukumar zari-ruga ta Wales kai tsaye, ban da na 'yan bayan fage. In ya fi ƙarfin aljihunka, Cardiff Arms Park na manne da shi, inda kulob ɗin garin ke wasa da kuɗi kaɗan.

Dokokin da kake buƙata ba su da yawa. Mutum 15 kowane ɓangare, minti 80. Ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai baya. Wanda ya dangwala ta bayan layin abokan hamayya ya ci maki 5, bugun da ke biyo baya maki 2, bugun hukunci maki 3. Idan ka ga ƙarti sun sunkuya sun haɗa kafaɗu suna ture juna kamar raguna, ba faɗa ba ne, hanyar ci gaba da wasa ce bayan ƙaramin laifi. Ka shiga da wuri saboda taken Wales. Da harshensu suke rera shi, dubban mutane baki ɗaya, tsoho kusa da kai ya rufe ido jijiyar wuyansa ta tashi. A ganina wannan kaɗai ya biya kuɗin tikitin.

Ga abin da ba a faɗa wa sabon zuwa. Ba a raba magoya baya kamar a ƙwallon ƙafa, kuma ana shan giya a kan kujeru. Za a yi ta wuce ka da kofunan roba a cike, wani lokaci ta fantsamar maka a takalmi, don haka kada ka sa kayan da za ka yi salla da su. In an miƙo maka, ka yi godiya ka ce ba ka sha. Yawanci daga nan sai hira, a tambaye ka garinku. Kada dai ka tsokane su: rabon Wales da cinye duk wasanninta na gasar tun 2019, kuma a 2024 da 2025 ita ce ta ƙarshe. Ka lissafa lokacin salla kafin ka shiga, domin la'asar da magariba suna matse juna a hunturu. A shekarun nan ma azumi na faɗowa cikin watannin gasar. Bayan an tashi, layin shiga tasha yana da tsawo ƙwarai, kuma titin St Mary da dare na 'yan maye ne. Gara ka nufi City Road, inda gidajen abincin halal suke jere, ka ci ka huta har cunkoson ya lafa.

Lahadi ta yawo ce. Fadar Cardiff Castle ana biya, amma akwai ragowar ganuwar Rumawa da wani ɗaki mai rufin zinariya da suke kira ɗakin Larabawa. Lambun Bute Park da gidan tarihi na ƙasa kyauta ne.

Inda na fi so ka ɓata lokaci shi ne Butetown, kan hanyar Cardiff Bay. Tun ƙarni na 19, lokacin da tashar ruwan garin ke fitar da gawayin kwal zuwa duniya, ma'aikatan jirgi daga Yaman da Somaliya suka zauna a nan, kuma jikokinsu na cikin tsofaffin al'ummomin Musulmi a Birtaniya. Ka yi azahar a masallacin titin Alice. Za ka ga matashi Basomale ya yi maka sallama, sannan ya juya da Turancin Cardiff tsantsa wanda sai ka kasa kunne. Daga nan ka gangara bakin ruwa ka ga Senedd, majalisar dokokin Wales. Ka duba jadawalin jirgin komawa tun da safe, domin ranar Lahadi ake yawan gyaran layin dogo, a maye jirgi da bas.