Yadda Za a Kafa Lambun Buhu Domin Matasan da Rayuwa ta Jigata a Legas

Duk wanda ya zauna a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ya san samarin da nake nufi: waɗanda rikicin Borno ko 'yan bindigar Zamfara suka raba da gida, da waɗanda suka rasa abin yi bayan gwamnatin jihar Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2020 da 2022. Zaman banza da yawan tunani su ke tura wasunsu ga tiramol da kodin. Lambu ba ya maye gurbin likita, kuma wanda abin ya yi wa tsanani a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, amma shuka tana ba matashi abin da zai tashi dominsa da safe, ta gajiyar da jikinsa har ya samu barcin da damuwa ta hana shi.

Fili yana da tsada a Legas, saboda haka a nemi tsofaffin buhunan shinkafa, a hudda gindinsu, a jera su a kan bulo a gefen masallaci ko makarantar allo inda rana take samu, domin ambaliyar Afrilu zuwa Yuli tana ruɓar da saiwa. A cika kowanne da ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya. Kashin awaki da na shanu ana samunsa a kasuwannin dabbobi da wajen mayankar Oko-Oba, sai dai a bar shi ya ruɓe sosai, don ɗanyen taki yana ƙona tsiro. Kada a ɗebo ƙasa a bakin kwata ko bola.

A fara da alayyafo, wanda yake tsirowa cikin kwanaki kaɗan, a kuma yanke shi bayan mako huɗu. Lalo, wanda Yarbawa suke kira ewedu, yana da masu saye a kowace unguwa, kuɓewa kuwa sai ta yi kusan wata biyu. Ina ba da shawarar a jinkirta tumatir, saboda damshin Legas yana jawo masa cuta, kuma yaron da ya saba da asara bai kamata gwajinsa na farko ya mutu a hannunsa ba.

Abin da ya fi taki muhimmanci shi ne yadda babba zai tafiyar da yaran. Kowane buhu ya zama da mai shi, a rubuta sunansa a jiki, a tsayar da lokacin ban ruwa bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Kada a tsare yaro da tambayar abin da ya faru a garinsu; a tsuguna kusa da shi ana cire ciyawa, maganar da ke cinsa za ta fito da kanta ranar da ya amince. Idan ya yi fashin kwana biyu, a shayar masa da shukarsa, in ya dawo a ce, "Ɗana, alayyafonka ya yi kewarka," a bar faɗa. 'Yan mata a ware musu lokacinsu tare da wata dattijuwa da suka yarda da ita.

Ranar yanka ta farko a dafa miya a ci tare, ragowar kuma mai buhun ya kai kasuwa da kansa, kuɗin ya shiga aljihunsa, a roƙe shi kawai ya bar tushe ɗaya ya yi iri.