Yadda za ka bi sawun kakanka leburan reluwe da ya tafi yaƙin Burma bai dawo ba

Gidaje da yawa a Zariya, Kano, Kafanchan da Nguru suna da irin wannan labari: wane yana aikin lebura a reluwe, aka ɗauke shi soja lokacin yaƙin Hitila, daga nan shiru. Ana iya gano inda ya kwanta dama, amma sai an bi abin daki-daki.

Fara daga gida. A buɗe tsohuwar akwati a nemi wasiƙa, hoto ko wata takardar soja. Abin da ake farauta shi ne lambar sojansa. Ta 'yan Najeriya tana farawa da NA, ta 'yan Gana da GC. Lambobin yabo irin su tauraron Burma kuwa galibi babu suna a jikinsu, iyakar abin da za su nuna maka shi ne fagen da ya yi yaƙi. A tambayi tsofaffi sunan da ake kiransa da shi a wurin aiki, da garin da aka ɗauke shi.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mabuɗi. Magatakardan soja ba su cika rubuta sunan uba ba. Sukan haɗa sunan mutum da na gari, wani lokaci garin haihuwa, wani lokaci garin da aka same shi. Leburan reluwe kuma mai yawo ne, bin layin dogo yake yi. Haifaffen Daura da aka ɗauka a tashar Zariya yana iya zama "wane Zaria" a littafi. Ga kuma rubutun Bature: Audu ya koma Awudu, Mamman ya koma Mama ko Momo, Garba ya koma Garuba. A nan ne mafi yawan masu nema suke karaya.

Da waɗannan a hannu, sai ka shiga shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wato CWGC. Binciken kyauta ne, kuma ya ƙunshi waɗanda suka rasu daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. In kana da lamba, sa ta ita kaɗai. In babu, gwada sunan da kowane irin rubutu, da garuruwa biyu ko uku. Masu suna ɗaya suna da yawa, saboda haka kada ka sanar da dangi sai shekara da gari sun dace da abin da tsofaffi suka faɗa.

Sakamakon zai ba ka muƙami, bataliya, ranar rasuwa da wurin da sunan yake. Idan ka ga allon tunawa na Rangun, wanda ke maƙabartar Taukkyan a arewa da birnin, to ba a san kabarinsa ba. Sunaye kusan 27,000 ne a jikin ginshiƙan. Idan Chittagong ko Maynamati ne a Bangaladesh, akwai kabari da lambar layinsa.

Ranar rasuwa da bataliya su ne za su faɗa maka yadda abin ya faru. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a kwarin Kaladan na Burma a 1944. Bataliya ta 6, ta 7 da ta 12 ta rundunar Najeriya sun yi yaƙi a wannan shekara cikin dakarun Chindit, masu kutsawa bayan layin sojojin Japan. Runduna ta 82, ita ma ta Afirka ta Yamma, ta gangara yankin Arakan na Burma, aka kama garin Myohaung a Janairun 1945. Kada a raina shi in an ga yana cikin masu dakon kaya: a kansu harsashi da abinci suka ratsa duwatsun da mota ba ta shiga, kuma maleriya da atini sun kayar da mutane da yawa ba tare da harbi ba.

Littattafan da kowace bataliya ta rubuta kullum suna gidan adana takardu na Kew a Landan, a jerin WO 172 na fagen Burma da WO 173 na Afirka ta Yamma. Da wuya su ambaci farabiti da suna, amma za su nuna ƙauyen da bataliyar take a ranar da abin da ya same ta. Nemi shafukan mako guda kafin ranar da mako guda bayanta, domin wanda aka raunata yakan cika ne bayan kwanaki a wani wuri dabam.