Yadda za ka riƙa sabunta manhajojin kasuwancinka kafin 'yan kutse su riga ka

In kana da ƙaramin kasuwanci, ko da kwamfuta biyu ce da wayar da kwastomomi ke turo oda a kai, don Allah ka daina danna "anjima" duk sanda saƙon ofdet, wato na sabunta manhaja, ya fito. Gaskiya abin yakan zo ne daidai lokacin da aiki ya cakuɗe, amma ranar da kamfanin da ya yi manhajar ya fitar da gyara, ranar ce ya nuna wa duniya inda kafar take, 'yan kutse sai su kwatanta tsohuwar manhajar da sabuwar su gano abin da aka toshe, sannan su saki na'ura tana bin intanet tana laluben wanda bai toshe tasa ba, ita kuwa na'urar babu ruwanta da wai kai ƙarami ne.

Dubi WannaCry, wata muguwar manhaja da ke kulle kwamfuta ta nemi kuɗin fansa. Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris 2017, harin bai zo ba sai 12 ga Mayu, kusan wata biyu kenan gyaran yana ajiye kyauta, amma duk da haka ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati a Ingila, sai da suka soke ganin marasa lafiya da dama. Da yawan waɗanda abin ya shafa ofdet ɗin nan kawai ba su saka ba.

To fara da takarda da biro. Rubuta duk abin da ke hawa intanet a wurin: kwamfutoci, wayoyi, rauta (na'urar da ke raba intanet), firinta, kyamarorin tsaro, manhajar lissafin kuɗi, shafin intanet ɗinku in akwai. Za ka yi mamakin abin da ka manta da shi, musamman rauta, wadda tun ranar da aka jona ta babu wanda ya sake waiwayarta alhali ta cikinta komai yake wucewa. Duba bayanta, akwai adireshin shiga saitinta a manne, ka shiga ka nemi wurin sabuntawa, kuma tunda ka shiga ka canza fasawod ɗin da ta zo da shi daga kamfani.

Sai ka kunna sabuntawa ta kai tsaye a duk inda ake da ita. A Windows ka shiga Windows Update ka saita awannin aikinku don kar ta kashe kanta ana tsaka da hidimar kwastoma. Microsoft yana fitar da gyare-gyarensa ne Talata ta biyu a kowane wata, saboda haka ka ware rana guda a wannan satin, bayan an tashi, a bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya. Kuma a ɗora wa mutum ɗaya da sunansa, in aka ce aikin kowa ne to wallahi babu mai yi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ristat. Ofdet ya sauka, amma yawanci bai fara aiki ba sai an kashe an kunna, wani kuma murfin laftof kawai yake rufewa sati da sati yana ganin ai ya gama. Haka Chrome, in ka ga alamar sabuntawa a kusurwar sama ta dama, rufe shi ka sake buɗewa, minti ɗaya ne.

Masu tsoron kar ofdet ya lalata musu wani abu suna da hujja, yana faruwa jefi-jefi, musamman da tsohuwar firinta ko manhajar lissafi. Maganin shi ne ka kwafe muhimman fayiloli a wani diski da ba ya zama a jone, ka fara gwadawa a kwamfuta ɗaya, in ta kwana lafiya sai a yi wa sauran. Jinkirin kwana biyu ba laifi ba ne, na wata uku ne matsala.

Kar ka yarda da shafin da ya buɗe maka da jan rubutu wai burauzarka ta tsufa danna nan, ko imel mai ɗauke da fayil wai ofdet ne, wannan tarko ne. Daga cikin saitin na'urar ake yi, ko Play Store, ko App Store, ko shafin kamfanin da kai ka rubuta adireshinsa da hannunka. Manhajar sata kuma, wadda aka fasa aka saka maka, yawanci an toshe mata hanyar karɓar gyara, sau da yawa ma da muguwar manhaja take zuwa a ciki, cire ta ya fi.

Akwai kuma na'urorin da kamfaninsu ya daina kulawa da su gaba ɗaya. Windows 7 tun Janairun 2020 aka yaye ta, Windows 10 kuma tallafinta na kowa da kowa ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. A wayar Android shiga saiti ka duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe, in ya haura shekara to kar a riƙa buɗe manhajar banki a kanta. In babu halin canza tsohuwar kwamfuta yanzu, cire ta daga intanet, a bar ta tana buga takardu kawai har a samu kuɗin wata.